Kwarmin Dutse Ba Wurin Wanka Ba Ne

Iyayen yara na Jibiya da Magama, da 'yan uwanmu na ƙetaren iyaka, su Ɗan Isa da Madarunfa, a yi hattara. Wata sara tana ta yaɗuwa tsakanin samari. Sun ga hotunan masu shaƙatawa a magangarar ruwan Gurara da ta Matsirga a waya, sai su ma su haɗa zuga su nufi dam, ko wani rami da masu fasa dutse suka bari ya cika da ruwan damina. Ɗaya na dirowa daga sama, saura na ɗaukar bidiyo don TikTok.

Ruwan da ya kwanta a kan dutse ya fi na yashi mugunta. Dutse ba ya shan ruwa, ba ya kuma gangarowa sannu a hankali yadda bakin gulbi yake yi. Taku ɗaya ruwa na gwiwa, taku na biyu ya shanye mutum har da hannunsa a ɗage. Gansakuka ta lulluɓe gefen, santsi kamar an zuba karkashi, wanda ya gaji ba shi da abin kamawa. Inda ruwa ke zubowa daga sama kuwa, a ƙasansa juyawa yake yi, yana mayar da mai iyo ciki duk ƙwarewarsa. In an ciro gawa sai a ce 'yan ruwa ne suka ja shi. Haba jama'a! Zurfi ne da santsi da ganganci.

Mutanen Jibiya ba sa bukatar a ba su labarin ruwa. A watan Yulin 2018, ambaliyar dare ɗaya ta ci sama da mutum 40 a garin. Kogin Gada da ake takawa a ƙasa da rani, shi ne ke ƙetare iyaka ya zama Gulbin Maraɗi, kuma yana iya kawo ruwa ba tare da ɗigo ya sauka a kanka ba, muddin an sheƙa shi a sama.

Ga kuma tsargiya, wadda ke shiga ta fata a ruwa kwantacce mai katantanwa, sai yaro ya fara fitsarin jini. A kai shi asibiti, akwai magani.

Malaman tsangaya, ku san inda almajiranku ke zuwa wanki. In kuwa wani ya fara nutsewa a gabanku, kada wanda bai iya ceto ba ya faɗa, don a ruɗe mai nutsewa yake riƙe mutum su tafi tare. A miƙa masa gora ko igiya, ko a jefa masa jarka rufaffiya wadda babu komai a ciki, a yi ta ihu har manya su iso.