Kakana Ya Yi wa Bature Soja, Ko Ina da Gadon Fasfon Birtaniya?

Tun da tsadar rayuwa ta sa matasa suka fara hangen ƙetare, akwai wata magana da ke yawo a majalisun hira da wayoyin hannu: wai duk wanda aka haifi kakansa kafin 1960 ɗan Birtaniya ne a asali, tunda Turawa ke mulki a lokacin, saboda haka jika na iya zuwa ya karɓi fasfonsu. In kuwa kakan ya je yaƙin Bama, wai ai zance ya ƙare. Saurayin da ke Gaya ko Kademi ko Toranke, wanda ya tashi yana ganin hoton kakansa cikin kaki a bangon ɗaki, ba za a ga laifinsa ba in ya gaskata. Maganar na da daɗin ji, kuma akwai ƙanshin adalci a tare da ita. Sai dai dokar Birtaniya ba ta san ta ba, kuma tushen hakan ya girmi 1960 da nisa.

Turawa ba iri ɗaya suka riƙe Nijeriya ba. Legas sun karɓe ta ne a 1861 daga hannun Sarki Dosunmu, suka mai da ita mallakin Sarauniyar Ingila kai tsaye, don haka wanda aka haifa a can talakan Sarauniya ne a idon doka, daidai da haifaffen Landan. Arewa kuwa, da Gwamna Lugga ya ɗaga tuta a Lakwaja ranar 1 ga Janairu 1900, sunan da ya ba ta shi ne ƙasar da Birtaniya ke karewa. Da Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, ƙasar Gaya da sauran gabashin Kano suka shiga wannan sahu. A takarda ƙasar sarakunanta ce, Bature mai tsaro ne kawai, duk da kowa ya san wanda ke naɗawa da tuɓewa. Haɗewar Arewa da Kudu a 1914 ba ta share wannan bambanci ba. Manomin Gaya ya biya haraji ta hannun dagaci, makiyayi ya biya jangali, gyaɗarsu ta hau dala a Kano ta bi jirgin ƙasa zuwa teku, amma matsayinsu bai wuce na "wanda ke ƙarƙashin kariyar Birtaniya" ba. Mai wannan matsayi yana iya riƙe fasfon da Turawa suka buga in zai yi tafiya, amma ba ɗan ƙasa ba ne. Da aka yi dokar 1948 wadda ta ƙirƙiro "ɗan Birtaniya da ƙasashen mallakarta", haifaffen Legas ya shiga ciki, haifaffen Gaya yana waje.

Ko mutumin Legas ɗin ma bai daɗe da abin a hannu ba. Ranar 1 ga Oktoba 1960 dokoki biyu suka yi aiki tare. Kundin tsarin mulkin Nijeriya ya ce duk mai ɗaya daga cikin matsayin nan biyu da aka haifa a ƙasar, muddin akwai haifaffen ƙasar cikin iyayensa ko kakanninsa, ya zama ɗan Nijeriya. Dokar 'yancin kan Nijeriya da majalisar Birtaniya ta zartar kuma ta ce wanda ya zama ɗan Nijeriya ya rasa matsayinsa na Birtaniya, sai fa 'yan kaɗan, musamman wanda shi ko mahaifinsa ko kakansa na wajen uba aka haifa a Birtaniya ko a wata ƙasar da ta ci gaba da zama mallakarta. Ba a tambayi kowa ba, ba a cika fom ba. An kwana da matsayi ɗaya, aka tashi da wani. Waɗanda suka faɗa tsakiya su ne irin 'ya'yan Kwarorin Kano da aka haifa a nan alhali iyaye da kakanni duk daga Labanan ko Siriya suke. Wasunsu sun ci gaba da riƙe ragowar matsayin Birtaniya, kuma tun 2003 wanda ba shi da wata ƙasa cikinsu na iya yin rajistar zama cikakken ɗan ƙasa.

Daga nan sai rufe ƙofofi: dokar 1962 ta taƙaita shigar 'yan ƙasashe renon Ingila, ta 1971 ta ɗaure 'yancin zama da alaƙar haihuwa a Birtaniya kanta, sannan ta 1981, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 1983 kuma ita ce ake bi har yau, ta kafa ƙa'idar cewa gadon zama ɗan ƙasa ga wanda aka haifa a waje a bisa al'ada mataki ɗaya yake sauka. Uba ya ba ɗa, ɗa ba ya ba jika.

Batun soja ne ya fi ciwo. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi da Japanawa a dazukan Bama, a kwarin Kaladan da yankin Arakan, kuma da Hausa ake ba da umarni a bataliyoyin Nijeriya. Sunan barikin Chindit a Zariya da na Myohaung a Legas daga wannan yaƙi suka fito. Mazan jiya da yawa daga ƙauyukan Arewa aka ɗebo su, wasu ta hannun hakimai da dagatai. Amma aikin soja bai taɓa mai da su 'yan ƙasa ba, kuma kuɗin sallamar sojan Afirka bai kai na farar fata ba. Sojojin Gurka na Nepal sun samu izinin zama a Birtaniya a 2009 bayan doguwar fafutika da shari'a. Ba a yi wa sojojin Afirka ta Yamma irin wannan ba, balle jikokinsu. A ganina akwai bashi a nan, kuma gwamnati ce ya kamata ta bi shi a matsayin haƙƙin al'umma. Amma lambar yabo da takardar sallama ba sa buɗe komai a ofishin fasfo.

To, wa ke da haƙƙi da gaske? Tambayar da dokar ke yi guda ce: a ina aka haifi mutum? Kafin 1983 duk jaririn da aka haifa a Birtaniya ɗan ƙasa ne, in ba ɗan jami'in jakadanci ba. Ta haka Kemi Badenoch, wadda aka haifa a Landan a 1980 ta girma a Legas, ta zama 'yar ƙasa, har ta kai ga shugabancin jam'iyyar Conservative a 2024. A shekarun 1960 da 1970 ɗalibai da likitoci da hafsoshi daga Arewa sun je karatu Birtaniya, wasu da iyalansu. In akwai wanda aka haifa a lokacin aka dawo da shi gida yana goye, to shi ɗan Birtaniya ne ko bai taɓa neman fasfo ba. 'Ya'yansa da aka haifa a Kano galibi 'yan ƙasa ne ta gado. Jikokinsa ba su gada ba, amma suna da wata hanya: bizar zuriya, wadda ake ba ɗan ƙasa renon Ingila mai shekara 17 zuwa sama da aka haifi kakansa ko kakarsa a Birtaniya. Ana ba da ita ta shekara biyar don yin aiki, daga nan a nemi zama na dindindin. A lura, a Birtaniya aka ce, ba a ƙasar da Birtaniya ta mallaka ba, kuma a nan ne 'yan damfara ke murɗe zancen.

Mata ma an gyara musu wani tsohon zalunci. Kafin 1983 uwa ba ta iya ba ɗanta da aka haifa a waje zama ɗan ƙasa, sai uba. Yanzu wanda wannan ta shafa na iya yin rajista, kuma wata doka ta 2022 ta ƙara faɗaɗa gyaran. Haka nan a 2018 an buɗe hanyar neman zama ɗan ƙasa ga 'yan ƙasashe renon Ingila da suka zauna a Birtaniya kafin 1973 da wasu daga cikin 'ya'yansu, kuma 'yan Nijeriya na ciki. Inda Birtaniya ta amince da gado komai nisan kakanni shi ne na mutanen tsibiran Chagos, waɗanda ta kora daga gidajensu don a gina sansanin sojan Amurka. An buɗe musu rajista a 2022, kuma ba ta shafi kowa ba sai su.

Ga wanda yake ganin yana cikin waɗannan 'yan tsiraru a Gaya, Ajingi ko Albasu, wahalar tana wajen takardu. Ta ɓangaren Ingila abin da sauƙi, domin tun 1837 ake rajistar haihuwa a can, kuma ana iya sayen kwafin takardar haihuwar kaka daga ofishin rajistarsu. Ta ɓangarenmu ne igiyar ke tsinkewa. Dokar da ta wajabta rajistar haihuwa a duk faɗin ƙasa ta 1992 ce, kuma yawancin manya a karkara takardar rantsuwar shekaru suke riƙe da ita, wadda aka yi a kotu shekaru da yawa bayan haihuwa. Ga sunaye: yau Muhammadu, gobe Mamman, a makaranta an rubuta sunan gari a madadin na uba. Auren da aka ɗaura a ƙofar gida da goro da alewa, shaidu sun rasu, ba takarda. Ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya kuwa so take ta ga kowace mahaɗa, daga kaka zuwa uba zuwa mai nema, suna da ranaku sun dace da juna. Wasiƙar hakimi ko shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma na iya taimakawa, amma ba ta maye gurbin takardar haihuwa.

Dillalin da ya ce a kawo kuɗi zai "haɗa" kakan da aka haifa a Ingila, abin da yake sayarwa shi ne haramcin shiga ƙasar, domin gabatar da takardar bogi na iya jawo hanin shekara goma, ban da filin gado ko shanun da aka sayar aka biya shi. Wanda kuwa hujjarsa ta tabbata ba sai ya saki Nijeriya ba: sashe na 28 na kundin tsarin mulkin 1999 ya bar wa ɗan ƙasa ta haihuwa damar riƙe fasfo biyu.