Shin Ko Kun San? Kwikwiyon Riƙo a Gidan 'Yar Kyanwa

Karyar maƙwabci ta haihu, 'ya'ya sun yi mata yawa, an miƙo muku ɗaya riƙo har ya yi ƙwari a kai shi gadin gona. Ga kuma 'yar kyanwar da aka kawo saboda ɓerayen da suka addabi buhunan shinkafa da bandar kifi. Daga Gashuwa har Nguru wannan ba baƙon abu ba ne. Kuna tsammanin zaman doya da manja? To, ku saurara!

Shin ko kun san masana sun bi gida gida a kan wannan magana? A 2008 masu bincike a Jami'ar Tel Aviv suka gano cewa kusan kashi 2 cikin 3 na gidajen da ke da kare da kyanwa, lafiya lau suke zaune. An fi dacewa idan kyanwar ce ta riga zuwa gidan, ba ta kai wata 6 ba, shi kuma karen bai cika shekara ba. Ashe naku sun haɗu a kan gaɓa!

Ga inda rigimar take. Kare ya kaɗa wutsiya, galibi murna ce. Kyanwa ta kaɗa tata, haushi ne! Kare ya kwanta rigingine, ya sallama. Kyanwa ta yi haka a gaban abokin faɗa, ta shirya farata ne ƙafa huɗu. Ku tsaya ku kalli haɗuwarsu ta farko: shi ya manna ƙirji a ƙasa, gindi a sama, yana neman wasa. Ita ta gantsare baya, gashi ya miƙe, tana tafiya a kaikaice tana huci. Kowa na magana, ba mai jin wani. Abin mamakin, waɗanda suka tashi tare tun suna ƙanana suna koyon karanta juna.

Lokacin kuwa gajere ne. Sabon 'yar kyanwa da baƙi ya fi kamawa tsakanin mako 2 zuwa 7. Na kwikwiyo, mako 3 zuwa 12.

Ko kun san ta hanci ake fara gaisawa? Ƙwayoyin jin ƙamshi a hancin mutum ba su wuce miliyan 6 ba. Na kyanwa kusan miliyan 200. Na wasu karnuka har miliyan 300! Don haka kada a haɗa su ido da ido ranar farko. A goga tsumma a jikin kwikwiyon a ajiye kusa da makwancin 'yar kyanwar, a kai masa nata can zaure ko bayan gida inda aka ɗaure shi. Bayan 'yan kwanaki a bari su ga juna, igiyarsa na hannu, ita kuma tana da wurin hayewa, ko katanga ko kan rumfa. Ku kwaɓi yara, kada su riƙe ta su tura masa. Da ta ruga, shi kenan, ya koyi bin ta.

Wa kuke jin ya fi shiga haɗari? Ba ita kaɗai ba! Kwikwiyo ba ya iya ƙifta ido in abu ya nufo shi sai ya kai mako 10 zuwa 12. Yakushi ɗaya na iya lalata masa ido.

Tsawon goyon cikinsu kusan ɗaya ne, kwana 63 ko ƙari kaɗan. Dukansu a makance ake haihuwarsu, kunnuwa a toshe. Kwikwiyo na da haƙoran nono 28, 'yar kyanwa 26. In sun girma, shi 42, ita 30.

Kwanon cinsu fa a raba. Shi zai lashe tuwo da miya har da kanzo. Ita ko ɗanɗanon zaƙi ba ta ji, nama da kifi ne rayuwarta, kuma rashinsu na iya makantar da ita. Albasa guba ce ga dukansu. Madarar shanu kan sa su zawo. Ku ji wannan da kyau: ƙwayar farasitamol ɗaya na iya kashe kyanwa! Maganin kaska na kare mai sinadarin famatirin ma haka, ko da gogar jikinsa kawai ta yi.

Zafin Afrilu a Gashuwa yana haura maki 40. Kare ya zaro harshe yana haki, haka yake shan iska. Kyanwa ta buɗe baki tana haki? A hanzarta da ita inuwa, ta galabaita.

Sai babbar magana. Ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a duniya duk shekara, kusan duka ta cizon kare. Kyanwa ma tana kamuwa! A wata 3 ake yi wa kwikwiyo allurar rigakafi, ana ma haɗa ta a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Filato. Ku kai su biyun wurin likitan dabbobi. In ɗayansu ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15 cur, a wuce asibiti ranar.