Ko Kun Sani?

Tsofaffin gidajen silima na Kano, irin su Rex da aka buɗe a 1937 da Palace ta 1952, ba su da rufi. Shi ya sa ba a fara fim sai duhu ya yi sosai, domin hasken rana na kashe hoton allo.

Ingancin hoto kuwa a hannun mai kula da injin haska fim yake. Kowane faifan fim mai faɗin milimita 35 ba ya wuce kamar minti 20, don haka akan girke inji biyu, ɗaya na ƙarewa a kunna ɗayan ba tare da 'yan kallo sun ankara ba. Hasken kansa daga sandunan gawayi biyu yake fitowa, wutar lantarki na tsallakawa tsakaninsu suna cinyewa a hankali. In mai kula da injin ya yi sakaci da su, hoto ya dusashe, sai ihu daga kujerun arha.

A yau kuwa, masu gidajen kallon ƙwallo da ke amfani da majigi na zamani, babbar abokiyar gabarsu ƙurar hunturu ce. Takan toshe matatar iskar injin, ya yi zafi, ƙwan fitilarsa ya mutu da wuri.