Ciwon suga: Yadda zaman shago ke cin 'yan kasuwarmu na New Bell a ɓoye

Duk wanda ya shigo unguwar Hausawa ta New Bell a Duwala bayan sallar asuba ya san yadda yininmu ke farawa. Sai mun tsaya wajen mai shayi, a cika kofi da madara, a jefa suga ƙwaya huɗu ko biyar, a haɗa da burodi, kana mu hau bensikin zuwa Kasuwar Kongo ko Mboppi. Daga nan kuma sai zama a shago har magariba, in ƙishi ya taso a aiki yaro ya sayo lemon kwalba mai sanyi. Haka muke yi shekara da shekaru, har wata rana a ji an kwantar da Alhaji wane a asibiti, wai suga ne.

Kakanninmu da suka kafa wannan unguwa tun zamanin Jamus fatake ne, da ƙafa suka riƙa ratsa daji ɗauke da goro da tufafi. Abin da suka ci, tafiya ta ƙone shi. Mu kuwa cimarmu ta fi tasu maiƙo da zaƙi, amma jirgin ƙasa ke kai mu Ngaundare, mota ta ƙarasa da mu Garwa da Marwa da Kuseri. Don haka ya kamata mu san inda abincin nan ke shiga.

Jikin mutum ba ya daina aiki ko da yana barci. Bugun zuciya, numfashi, ɗumin jiki da aikin hanta da ƙoda su ke cinye kusan kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na ƙarfin da muke ƙonawa a yini. Ƙwaƙwalwa kaɗai tana ɗaukar kusan kashi 20 na abin da jiki ke ƙonawa a lokacin hutu. Ragowar ita ce ta motsi da narkar da abinci, kuma ta motsin ce ke hannunmu.

Tuwo, shinkafa, burodi, rogo da fanke duk suna narkewa a hanji su koma wani nau'in suga da likitoci ke kira gulukos, wanda ke shiga jini. Abin mamaki shi ne, duk jinin babban mutum, kimanin lita 5, bai ɗauke da sugan da ya wuce giram 4 zuwa 5, wato ƙaramin cokali guda. Lemon kwalba ɗaya mai santilita 33 kuwa yana iya ƙunsar giram 35, kusan ƙwayar suga bakwai ke nan.

To wa ke kwashe wannan rara daga jini? A nan ne aikin sinadaran da ake kira homon ya shigo. Su 'yan aike ne da wasu gaɓoɓi ke zubawa cikin jini don su kai umarni ga sauran jiki. Akwai wata gaɓa kwance a bayan tumbi mai suna fankiriyas, ita ke fitar da insulin da zarar mun ci abinci. Insulin ne ke buɗe wa suga ƙofar tsoka, ya sa hanta ta adana kimanin giram 100, abin da ya yi saura kuma a mayar da shi kitse. In yunwa ta zo, ko muna azumi, sai gaɓar nan ta saki wani homon mai suna gulukagon, ya umarci hanta ta fito da ajiyar.

Ɗan kasuwa ya fi kowa gane matsalar. In kullum ana sauke kaya a sito ba a sayarwa, dole wata rana kaya su zube a hanya. Idan teɓa ta taru kuma tsoka ba ta motsi, jiki yakan daina jin umarnin insulin, fankiriyas ta yi ta ƙara ƙoƙari har ta gaji. Wannan shi ne ciwon suga nau'i na biyu, wanda ya fi kama manya, kuma gado na da hannu a ciki. Fargabar kaya a kan iyaka, bashi da rashin barci a doguwar tafiya su ma suna tayar da homon irin su adirenalin da kotizol, waɗanda ke ƙara suga a jini.

Ciwon yakan yi shekaru bai nuna kansa ba. In ya fara, alamunsa su ne yawan fitsari musamman da dare, ƙishirwa, kasala, rama ba dalili, gani dishi-dishi, da miki a ƙafa da ya ƙi warkewa. In aka bar shi, yana kai ga makanta, lalacewar ƙoda, shanyewar ɓarin jiki ko yanke ƙafa. Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Suga ta Duniya, wadda ɗan Kamaru Farfesa Jean Claude Mbanya ya shugabanta daga 2009 zuwa 2012, ta ƙiyasta cewa a 2021 manya miliyan 24 ne ke da ciwon a Afirka, kuma fiye da rabinsu ba su san suna da shi ba.

Awo ne kaɗai ke raba gardama. Ɗigon jini ne daga yatsa, da safe kafin a ci komai, kuma ana yin sa a asibitin gunduma na New Bell, da Laquintinie, da kantunan magani da yawa. Ga masu zirga-zirga tsakanin ƙasashen biyu, a lura: a Kamaru an saba rubuta sakamako da giram a lita, a Najeriya kuma da wasu ma'aunai. In takarda ta nuna 1.26 a Duwala, daidai yake da 126 ko 7.0 a Mubi ko Maiduguri. Wanda awonsa ya kai haka sau biyu, likita zai tabbatar masa da ciwon.

Kafin 1921, lokacin da Frederick Banting da Charles Best suka gano insulin a birnin Toronto na Kanada, yaron da ya kamu da nau'i na ɗaya ba ya daɗewa a duniya. Yau akwai allura da ƙwayoyi, sai dai suna son kula. Mai allurar insulin kada ya bar ta a gaban mota cikin zafin Marwa, ya nemi wuri mai sanyi. Mai shan magani kada ya ɗauki azumin Ramadan sai ya ga likitansa tukuna, kuma in ya ji karkarwa da gumi da jiri, sugansa ne mai yiwuwa ya faɗi, ya sha abu mai zaƙi nan take. Kada kuma a ajiye maganin asibiti don wani ya ce yana da saiwar da ke warkarwa gaba ɗaya.

Ga sauranmu, Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato tafiyar rabin sa'a kwana biyar. Mu riƙa taka ƙafa daga gida zuwa kasuwa ko masallaci, mu rage ƙwayar suga a shayi daga biyar zuwa ɗaya, mu sha ruwa a madadin lemo, mu ƙara wake da ganye a kwano. Duk wanda ya haura shekara 40, ko yake da mai ciwon a danginsu, ya ware safiya guda a wannan wata ya je a auna shi. Masu iya magana sun ce lafiya uwar jiki. Allah Ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka, amin.