Gida Ya Ƙone, Dabbobi Sun Tsira: Ina Za A Sa Su?

Tambayar wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a ƙaramar hukumar Gagarawa. Ya ce gobara ta cinye gidansa da rumbunsa cikin hunturu, iyali sun tsira, haka ma awaki da jaki da kaji da karensa. Yanzu yana raɓe a gidan ɗan'uwansa, wurin ya yi musu kaɗan, mai gidan kuma ba ya son kare. Shin ya kai dabbobin Maigatari ya sayar ne, ko yaya zai yi?

To malam, da farko muna yi maka jaje. Allah ya kiyaye gaba, ya mayar da alheri. Amsar kuwa a taƙaice ita ce: kada ka yi gaggawar sayarwa.

Duk wanda ya san kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis ya san dillali ba ya buƙatar a gaya masa an matsu. Da ya ga akuya da babbakakken gashi, ya ga mai ita da rigar aro, ya gama karanta labarin, tayin da zai yi kuwa sai ya sa ka kuka. Awakin nan su ne jarin da ya rage maka. Idan dole sai an sayar don cefane, to a fara da bunsuru ko tsohuwar akuya, ɗaya bayan ɗaya, a bar masu ciki da masu haihuwa. Rago kuwa, in akwai, ka san darajarsa tana ƙaruwa ne gab da Babbar Sallah. Jaki ma kada a taɓa shi, don shi zai ɗebo maka ƙasa da ruwa in an tashi gini.

Kafin maganar masauki, duba lafiyarsu. Hayaƙi ya fi wuta yaudara. Dabba takan fito garau, bayan kwana ɗaya zuwa uku ka ji ta fara tari, numfashi na fita da ƙyar, majina na zuba. In ka ga haka, a nemi malamin dabbobi na ƙaramar hukuma, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Wurin ƙuna kuma ruwa mai tsabta mai sanyi ake zuba masa na kamar minti 20. Baƙin mai da toka da kashin shanu da wasu ke shafawa, ƙara ɓata ciwon suke yi. A rufe shi daga ƙuda, don tsutsa ba ta da wuyar shiga. Wadda wuta ta ci wa kofato ko hantsa sosai har ba ta iya tsayuwa, gara a yanka ta tun da sauran amfani.

Ga wani abu da yake kashe awaki bayan gobara, mutane kuma ba su cika lura da shi ba. Rumbu in ya ƙone, gero da dawa sukan zube a ƙasa, wani ya babbake, wani ya jiƙe da ruwan kashe wuta. Sai a ce ai a bar wa dabbobi su ci kada ya tafi a banza. Akuyar da ta saba da kara da harawa, in ta cika cikinta da hatsi lokaci guda, cikin yakan kumbura, ta kama gudawa, wani sa'in ta mutu kafin kwana biyu. Jiƙaƙƙen hatsin da ya yi fumfuna kuwa guba ne gare su da kaji duka. A kewaye wurin, ko a kwashe a binne. Wanda bai lalace ba a shanya shi, a riƙa ba su kaɗan-kaɗan haɗe da dusa.

Sai masauki. Ba sai dabbobinka sun kwana inda ka kwana ba. Al'adarmu ta ba da kiwo tana nan daga Gumel har Sule Tankarkar: ka raba su biyu-biyu, uku-uku, gidajen 'yan'uwa da maƙwabta masu harawa. Amma dai a yi magana a fili tun ranar farko. Aro ne na wata biyu, ko kiwo ne da za a raba 'ya'ya? Wa zai ciyar? In ta mutu fa? A kira mai unguwa da shaidu biyu, a rubuta adadi da kamanni. Da yawa zumunci ya lalace a kan akuya ɗaya da aka karɓa da tausayi aka riƙe da gardama. Sannan a ɗaure baƙin dabbobi gefe guda na kamar mako biyu kafin a haɗa su da na gidan, saboda annobar tari da gudawa ta awaki da tumaki, wadda likitoci ke kira PPR, da kuma ciwon da ke share kaji lokacin sanyi.

Maganar kare, kada ka ga laifin ɗan'uwanka, gidansa ne. Kuma kada ka sake shi ya shiga gari. Karen da ya firgita ga yunwa yakan yi cizo, in ya ciji yaro ka ga sabuwar fitina. Mafita mai sauƙi ita ce ka kafa masa 'yar rumfa a kangon gidanka, a riƙa kai masa abinci da ruwa safe da yamma, ya yi maka gadin abin da ya rage. In ba a yi masa allurar haukan kare ba cikin shekarar nan, a yi. Kyanwa da tattabaru su ma wuri suke bi ba mutum ba, ko ka ɗauke su za su koma. A ajiye musu ruwa da tukunyar kwana a can.

Wannan zirga-zirgar kuma tana da wani amfanin. Fili in ya zama kango, iyaka takan ɓace, musamman inda dangar kara ce ta raba ka da maƙwabci. Ka kafa turaku a kusurwoyi huɗu a gaban mai unguwa tun toka ba ta baje ba. In takardar fili ta ƙone, a sanar da 'yan sanda, a yi takardar rantsuwa a kotu, a nemi wata.

Batun tallafi, hanyar ita ce daga mai unguwa zuwa dagaci, zuwa hakimi, zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma, su kuma su miƙa wa hukumar agajin gaggawa ta jiha, wato SEMA, a Dutse. Ta tarayya, NEMA, wadda aka kafa a 1999, ta fi shiga in abin ya shafi jama'a da yawa. A rubuta asarar da kwanan wata, a ɗauki hoto da waya, a sa har harawa da karan da suka ƙone. Abin da aka saba bayarwa dai kwanon rufi ne da siminti da barguna da hatsi, kuma yakan ɗauki lokaci. Abincin dabbobi kam, tun yau ka fara neman ɗauri-ɗauri wurin maƙwabta kafin bazara ta tsananta.