Shin Ko Kun San? Lissafin da Ke Bayan Kwalbati

Shin ko kun san ruwan sama milimita 1 kacal, in ya sauka a fili hekta ɗaya, lita 10,000 ne? Duro 50 ke nan. Injiniya ba ya yanke faɗin kwalbati ko lambatu sai ya ƙiyasta nawa ƙasa za ta shanye, nawa zai malale.

Ko kun san lissafin da aka fi yi wa ƙananan magudanai ya samo asali tun 1851, daga injiniya Thomas Mulvany na ƙasar Ayalan? Abu uku ake ninkawa: ƙarfin ruwan sama, faɗin fili, da kason da ke malalewa. Jigawa takan shanye kusan duka, kwalta da rufin kwano kuwa sukan koro wajen kashi 90 cikin 100.

Shi ƙarfin ruwan daga bayanan shekarun baya ake ɗauko shi, kuma a nan gizo ke saƙa. Duk ƙarin zafi na digiri 1 a ma'aunin Salshiyos, iska kan iya riƙe ƙarin danshi kusan kashi 7 cikin 100. Wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2017 ya nuna manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a Sahel tun daga 1982. A ganina, duk mai ba da kwangilar magudana ya wajaba ya tambaya: alƙaluman waɗanne shekaru aka yi awon da su?

Ga wanda ya fi ba da mamaki. A farin shekarun 1970 da 1980 ruwan sama ya ragu a Sahel, amma ruwan wasu koguna ƙaruwa ya yi, irin su Nakambe a Burkina Faso, da Sirba da Dargol masu zubawa a Kogin Kwara sama da Yamai. Ciyayi sun mutu, an sare daji an faɗaɗa gonaki, ƙasa ta zama fako, ruwa ya rasa ta inda zai nutse sai ya gangara. Shi ya sa jan ruwan damina a Yamai, wanda ya kafa tarihi a 2012 da 2020, yanzu yakan zarce cikar da ke isowa daga Gini bayan kaka.

Ita kuma "ambaliyar shekara 100" ba ta jiran ƙarni ya cika. Kowace shekara tana da yiwuwar 1 cikin 100, wato kashi 26 cikin 100 a tsawon shekara 30.