KIWON MARAƘI A GIDA: A Tara Harawa Kafin A Sayi Igiya

A ƙauyukanmu na Kudancin Kaduna, Filato, Gombe da Adamawa, magidanta da dama sukan sayi ɗan maraƙi bayan girbi, su ɗaure shi a turke, da niyyar in ya yi nama a sayar a biya kuɗin makarantar yara ko a yi wa ɗaki rufin kwano. Dabara ce mai kyau. Amma sau da yawa kafin ruwan farko ya sauka sai ka tarar dabbar ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta, a ƙarshe a sayar wa mahauci da asara. Yawancin wannan asara daga rashin tanadin abinci take, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Bari mu yi lissafi tare. Dabba tana cin busasshen abinci kimanin kilo 3 a kan kowane kilo 100 na nauyinta a rana. Wato ɗan bijimi mai kilo 150 yana bukatar kusan kilo 4 da rabi kullum. Daga Disamba zuwa Mayu, lokacin da ciyawa ta bushe, kwana 180 ke nan, abincin kuwa ya kai wajen kilo 800. Wanda bai ga inda wannan abinci zai fito ba, gara ya jinkirta saye.

Da kaka ake yin wannan tanadi. A tara harawar gyaɗa da ta wake tun ganyen bai kakkaɓe ba, a ɗora a kan rumfa inda gara da ruwa ba za su taɓa ba. A adana ƙowa da karan dawa da na masara. Kara shi kaɗai yana cika ciki ne kawai, ba ya sa nama, don haka sai an haɗa da dusa da ɗan ƙuli-ƙuli ko abincin gurya. A ajiye kanwa ko gishirin lasa kusa da turke, ruwa mai tsabta kuma kada ya yanke, musamman a zafin bazara.

In abinci ya samu, sai zaɓen dabba. Bunaji, wato farar saniya, ita ce ta fi yawa a yankinmu, tana kuma jure wahala. Bokolo na ƙasar Sakkwato da Gudali na Adamawa sun fi saurin cika da nama in sun ƙoshi. Shawararmu ga sabon mai kiwo ita ce ya sayi maraƙin da aka riga aka yaye, mai wata 8 zuwa shekara guda. Jinjirin maraƙi yana da araha, amma tumbinsa bai isa narkar da ciyawa ba tukuna, kuma in bai sha daƙashin uwarsa a yinin farko na haihuwa ba, gudawa ko ciwon huhu kan kashe shi. A duba ido ya zama garau, hanci da laima, gindin wutsiya babu alamar zawo. In da hali, a tafi kasuwa da wanda ya san shanu, kada a dogara da bakin dillali kaɗai.

Da zarar an kawo shi gida, a ware shi daga sauran dabbobi na mako biyu, a ba shi maganin tsutsar ciki, a cire masa kaska. A nemi ma'aikacin dabbobi ya yi masa allurar rigakafin ciwon huhu da harbin daji. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom, wadda take aiki a can tun 1924, tana haɗa waɗannan allurai. Bushiya da ta cinye garkunan kakanninmu an kawar da ita daga duniya a 2011, amma ɓoru da sammore da ciwon hanta suna nan.

Akwai abubuwa uku da kan kashe dabba lafiyayya a gida. Na farko, zuba masa dusa ko hatsi da yawa farat ɗaya, abin da ke kawo kumburin ciki. A riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan cikin mako biyu. Na biyu, gyauron dawa, wanda yake da guba. Na uku, leda, wadda kan taru a tumbi har dabba ta daina cin abinci.

Game da sayarwa, maraƙin Bunaji yakan ɗauki shekara 2 zuwa 3 kafin ya isa yanka, saboda haka wannan ba kasuwancin mai gaggawa ba ne. A ƙara masa dusa da harawa a wata 3 ko 4 na ƙarshe, a nufi lokacin Kirsimeti ko Babbar Sallah, sa'ad da nama ke daraja. In an yi masa allurar magani, a jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba su cika kafin a sayar don yanka, saboda lafiyar masu ci. A rubuta duk abin da aka kashe a littafi, har da takin da ya shiga gona, gama shi ma riba ne.

'Yan'uwa, in kaka ta zo, mu fara ɗaure harawa. Maraƙi yana nan a kasuwa, zai jira mu.